Harbi a Gonar Doya

Aikin da malamin wasan kwaikwayo ya ba ajin, a baki mai sauƙi ne. Ya raba ɗalibai rukuni-rukuni, ya ba kowane rukuni wani yanki na tsohon wasan da suka yi zango guda suna karantawa, wanda a cikinsa ƙane ya kashe wansa don ya hau gadon sarauta. Ya ce kowa ya mai da nasa yankin gajeren fim, kuma ya ɗauko labarin ya dasa shi a Lafia ta yau. Rukunin Fatsuma ne wurin kisan ya faɗa wa.

Fatsuma ta ce ba sarki, ba fada. A ƙasar nan abin da zai sa ɗan'uwa ya ɗaga wa ɗan'uwansa adda, gona ce. Su huɗu ne. Ita ce mai ba da umarni, wayarta ce kyamara. Shima shi ne wan da za a kashe. Abdulnasir, maƙwabcinsu a Bukan Sidi, wanda ta roƙa ya shigo rukunin, shi ne ƙanen. Aondowase ke riƙe da sandar ɗaukar sauti, shi ne kuma ya samo musu wuri: gonar doyar da kawunsa ya karɓa aro a wani ƙaramin ƙauyen Migili, can gaba da Kwandere.

Ran Asabar da hantsi 'yan acaɓa suka sauke su a bakin gonar suka juya. Kawun ba ya nan, ya tafi kasuwar Assakio.

"An gaya wa mai unguwa za mu zo?" Fatsuma ta tambaya.

"Na gaya ma kawu," in ji Aondowase. "Kawu zai gaya masa."

Ta bar zancen a nan, don rana na ƙara yi kuma cajin wayarta ba mai jira ba ne.

Jinin da za su yi amfani da shi ita ta haɗa shi a gida, zoɓo mai kauri da sitaci da sukari, don ya kama jiki. Ta zuba wa Shima a wuya da ƙirji, ta shafa wa addar, Shima ya kwanta tsakanin kunyoyin doya. Matsalar Abdulnasir ce. Duk lokacin da ya ɗaga addar sai dariya ta ƙwace masa. Da ta gaji, sai ta cire baƙin gyalenta daga jaka ta naɗe masa fuska, idanu kawai a waje.

"Darakta, sau nawa mutum ke mutuwa a darasi ɗaya?" Shima ya tambaya daga ƙasa.

"Har sai ka iya."

"Kai ko mutuwa sai ka maimaita aji," in ji Abdulnasir ta cikin gyale.

Wannan karon abin ya yi. Fatsuma na kallon fuskar wayar, tsigar jikinta ta tashi, ta san makin nasu ne. Ta gefen ido ta ga wata mata da itace a kai ta tsaya a kan hanya, ta ga Aondowase ya lallaɓa wurinta don kada muryarta ta shiga sauti. Shi Tiv ne, ita Migili, Hausa ce kawai ta haɗa su.

"Me kuna yi a nan?" matar ta tambaya.

A makaranta shutin suke ce wa ɗaukar fim, kalmar Turanci da ke nufin harbi kuma. Aondowase yaro ne mai ladabi, ba zai yi wa babbar mace Turanci ba, sai ya juya mata kalmar yadda ta zo masa.

"Sannu Mama. Harbi muke yi. Tun ɗazu muna harbinsa, bai mutu da kyau ba. Ka yi shiru kaɗan, yanzu za mu gama."

Fatsuma ta ji. Har ta yi murmushi, ta ajiye a ranta za ta tsokane shi a hanya. Da ta ɗaga kai, itacen na zube a kan hanya, matar ba ta nan.

Kafin ta yi tunani a kai, Shima ya zabura yana marin jikinsa. Cinnaku sun biyo sukarin, sun shige masa har hammata. Ya tuɓe riga ya yar, ya ce shi ya gama mutuwa na yau, ya gangara rafin da ke bayan gonar yana zagin wanda ya ƙirƙiro zoɓo. Su ukun suka koma gindin mangwaro suna duba abin da aka ɗauka.

Sai suka ji ana buga ƙarfe daga cikin ƙauye. Ba bugun coci ba ne, ba na makaranta ba, bugu ne ba tsayawa. Aondowase ya miƙe tsaye. Ya girma a ƙauye, ya san bugun, fuskarsa kuma ta gaya wa Fatsuma sauran.

Mutanen ba ta hanya suka zo ba. Ta cikin dawa suka fito, ta gefe uku, ba mai magana. Adduna, sanduna, wani da gatari. A gabansu wani dattijo gajere ne da bindigar toka, rigar 'yan banga a jikinsa. Abdulnasir na tsaye inda yake, gyale a fuska, adda ja a hannu, don bai tuna ya ajiye ko ɗaya ba.

"Yar da shi," in ji dattijon.

Ya yar. Wani saurayi mai rigar ƙwallo ruwan ɗorawa ya taho ta baya ya doke masa ƙafafu, ya faɗi a kan gwiwa. Aka fizge gyalen. Fatsuma ta ga idanun mutanen sun tsaya a kan fuskarsa, doguwar fuska, fara, ta ga abin da suka yanke a kansa tun kafin ya buɗe baki.

"Baba, ɗalibai ne mu," ta ce. "Wasa muke yi, fim ne na makaranta."

"Ina wanda kuka harbe?"

"Ba mu harbi kowa ba."

"Wannan da bakinsa ya faɗa," in ji matar itacen daga bayan maza, tana nuna Aondowase. "Na gani yana kwance. Na gani jini."

Aondowase ya fara bayani. Tsoro ya kwashe 'yar Hausar da yake da ita, ya koma Turanci, ya koma Tiv, ya dawo Hausa ya sake cewa harbi. Wani ya ɗaga rigar Shima a kan sanda, jajawur, ƙudaje na binta.

Fatsuma ta yi abin da ta ga shi ne hujja. Ta buɗe wayar ta miƙa wa dattijon. Kawuna suka taru a kai. Sai da sautin ya fara fita ta tuna abin da ke ciki: mutum da rufaffiyar fuska, adda na sauka, Shima na shure-shure har ya daina. Duk wuraren da aka yi dariya ta goge su tun ɗazu don wayar ta cika. Abin da ya rage shi ne wanda ta yi alfahari da shi.

Matar ta ɗora hannu a ka. Saurayin mai rigar ƙwallo ya sauke sandarsa a kafaɗar Abdulnasir. Ƙarar ta yi kamar an karya rake. Abdulnasir bai yi ihu ba, ya kife, yana karanta abin da ya zo bakinsa.

"Yana da rai," in ji Fatsuma. "Wallahi yana da rai, yana rafi yana wanka. Bari in kira shi."

Wayar na hannun dattijon, ta miƙa yatsa ta danna lambar Shima. Wayar Shima, da ya ba ta ajiya tun ɗazu, ta yi ƙara a cikin jakarta, a rataye a kafaɗarta. Kowa ya ji.

Da'irar ta matso. Dattijon, wanda ta ji suna kira Baba Oliver, ya shiga tsakanin saurayin da Abdulnasir, ya riƙe bindigar a gicciye. Bai ɗaga murya ba.

"Yarinya, kin ce yana rafi. Je ki kawo shi. Waɗannan biyu suna nan." Ya dubi mutanensa, ya sake dubanta. "Ni mutum ɗaya ne. Ki yi sauri."

Ta ruga. Takalminta ɗaya ya maƙale a kunya, ta bar shi. Ƙaya ta kama zaninta, ta fizge. Ba ta san hanyar rafin ba, gangara kawai take bi, tana kiran sunan Shima, tana tuna cewa ita ta je har ƙofar gidansu Abdulnasir ta ce wa mahaifiyarsa kafin la'asar za su dawo.

A bakin ruwa ba kowa. Ta tsaya tana haki, ta duba sama, ta duba ƙasa. Ruwan na tafiyarsa, jan laka. Ta sake kira har maƙogwaronta ya yi zafi. Can ƙasa, bayan wani dutse, kai ya ɓullo.

"Darakta, mutum ba zai yi wanka ba kuma?"

Ta shiga ruwan da zaninta ta kama hannunsa ta ja. Suna tsakiyar hawa gangaren bindiga ta tashi, sau ɗaya, tsuntsaye suka watse daga dawa. Ta tsaya cak. Shima ne ya ja ta sauran hanyar, yanzu ya daina tambaya.

Hayaƙi na rataye a kan gonar. Baba Oliver na tsaye, bakin bindigarsa na kallon sama, mutanen sun ja baya taki kaɗan. Abdulnasir na ƙasa a bayansa, Aondowase ya kwanta a kansa ya rufe shi da jikinsa. Bindigar toka sau ɗaya take tashi kafin a sake ɗura ta, kowa a wurin ya san haka.

"Ga shi," in ji Fatsuma.

Shima ya tsaya a tsakiya, ba riga, ruwa na ɗiga daga wandonsa. Dattijon ya dubi wayar, ya dube shi. Ya sa ya juya. Ya shafa wuyansa da yatsa inda addar ta sauka a hoton. Ba komai sai cizon cinnaku. Matar ta matso ita ma ta taɓa hannunsa, ta daɗe ba ta sake shi ba.

Ba wanda ya yi dariya. Mutanen suka fara komawa ta cikin dawa, ɗaya bayan ɗaya. Saurayin mai rigar ƙwallo ne na ƙarshe. Ya tsaya yana kallon Abdulnasir, bakinsa na motsi, sannan ya jefar da sandar ya bi sauran.

"Ɗanta ne," in ji Baba Oliver, yana nuna matar da haɓa. "Gawar mijinta aka samu a gonar can da daminar bara. Ba wanda ya tashi ya yi wanka." Ya miƙa wa Fatsuma wayarta. "Wanda zai yi wasa a gonar mutane, ya fara zuwa ya gaishe su."

Shi ya samo musu babur. Aka ɗora Abdulnasir a tsakiya, hannunsa na dama na lilo, Fatsuma ta hau bayansa ta riƙe shi don kada ya zame. Suka hau kwalta. Sun kusa shiga gari Abdulnasir ya ɗan juyo da kai.

"Fatsuma."

"Na'am."

"Asibiti za mu fara zuwa. In Inna ta tambaya, daga babur na faɗo."

Ta ce to. Mai babur ɗin ya tambaya wane asibiti, ta gaya masa mafi kusa.