Ranar da Dabo Ya Juya wa Gwanjo Baya

Duk unguwar Sabo, zangon Hausawa a can Kudu, babu wanda bai san Dabo dillali ba. In ma akwai, to bai taɓa bi ta ƙofar gidansa ba ne, don da ya bi da Dabo ya tare shi ya sanar da shi. Shekara talatin ya yi yana dillancin shanu a kara. Yau shekara shida ke nan da ciwon gwiwa ya zaunar da shi a kan benci, amma bakin nan ko gezau. Labarinsa guda ne, na wani bijimi da ya taya, mai shi ya ce albarka, shi kuma ya kaɗe riga ya juya baya bai ko waiwaya ba, har mai bijimin ya biyo shi da gudu yana roƙo. Da can a bakin kara aka cim masa. Da shekaru suka tura sai abin ya koma tasha. Bara kuwa har shataletalen Mokola aka bi shi, da igiyar bijimin a hannu.

Babu wanda ya sha labarin nan kamar Mahmuda, domin shi ke auren Suwaiba, 'yar Dabo ta biyu, kuma suruki ba ya tashi babba na magana. Mahmuda mutum ne mai sanyi, irin wanda in ka taka shi, shi zai ce maka sannu. Shekara tara ya yi yana walda a ƙarƙashin wani oga a Mokola, yana ƙona ido a kan ƙofofin da wani ke karɓar kuɗinsu. Da aka yaye shi sai ya tarar hannu na da sana'a, amma babu abin yin ta.

Ana haka Allah ya kawo Alhaja Muhibbat, wata Bayarabiya mai sayar da doya da sari, wadda ta gina shaguna takwas a Kasuwar Shasha, duk babu ƙofa. Wurin ba wuta, saboda haka wanda zai yi aikin sai mai injin walda da ke haɗe da janaretansa. Ta ga aikin Mahmuda ta yaba, amma ita ba ta da lokacin jira. Ta ce masa ranar Juma'a da yamma za ta kira shi. In yana da inji, aiki nasa ne, Litinin ya fara. In babu, za ta nemi Manniru, wanda suka koyi aiki tare da Mahmuda, wanda kuma Mahmuda ne ya koya masa riƙe rodin walda.

Injin kuwa akwai shi. Wani kamfanin gine-gine ne ya rufe, ana gwanjon kayansa a intanet, kowa ya taya daga wayarsa, ƙarfe biyar na yammacin Juma'a a rufe. Mahmuda bai yi wasa ba. Ranar da aka buɗe sito don masu son gani, ya hau mota ya je, ya sa aka tayar da injin, ya kasa kunne, ya leƙa mai, ya shinshina hayaƙi. Lafiya lau, fenti ne kawai ya koɗe. Kafin nan mako uku ya yi yana kallon gwanjon wasu kayan ba tare da ya taya ko sisi ba, har ya gane yadda abin yake. Mai saurin tayi tashin maƙwabta kawai yake yi, kowa ya farka ya bi shi, farashi ya yi sama. Mai wayo shiru yake, ya yanke iyakarsa a zuci, sai saura daƙiƙa ashirin ya jefa ta gaba ɗaya, lokacin da babu mai zarafin ramawa. Ya zuba dubu ɗari biyar da ashirin a asusun shafin, iyakar abin da ya tara ke nan. Har wurin tsayawa ya zaɓa, saman benen wani tela inda sabis ba ya yankewa.

Kuskurensa ɗaya, ya gaya wa Suwaiba. Suwaiba ta gaya wa Inno, mahaifiyarta, don a sa albarka. Inno kuwa ta faɗa a gaban Dabo.

Ranar Juma'ar, ana sallame La'asar, Mahmuda na neman takalmi a ƙofar masallaci, sai ya ji Dabo ya ce, "Malam Mahmuda, biyo ni." Ya bi, me zai yi? Suka isa rumfar ƙofar gida, inda Malam Hadi mai goro da wasu dattawa biyu ke zaune da rediyo. Dabo ya hau benci, Mahmuda ya cire takalmi ya durƙusa a gefen tabarma.

"Wato ciniki ake a gidana," in ji Dabo, "ni ina zaune kamar turmi ba a gaya mini ba?"

"Ba haka ba ne, Baba. Na waya ne, ban so in wahalar da ku ba."

"Na waya ba ciniki ba ne? Ko a waya ba kuɗi ake biya ba? Fito da ita mu gani."

Ƙarfe huɗu da minti ashirin. Tayi na kan dubu ɗari uku, mutum biyu ke ja, su ma ba sunaye, lambobi ne kawai. Dabo ya kanne ido ya kai fuska kusa da gilashin.

"Ina mai kayan?"

"Ba a ganinsa, Baba."

"Ina dillalin?"

"Babu dillali."

Dabo ya dubi Malam Hadi, Malam Hadi ya girgiza kai kamar an yi rasuwa. "To taya dubu ɗari," in ji Dabo. "A wulaƙanta kaya tukuna, sannan a yi magana."

"Ba ya karɓar ƙasa da abin da aka riga aka taya."

"To rubuta masa injin ya tsufa, tari yake, mun gani da idonmu."

"Babu wurin rubutu, Baba."

"Kasuwar kurame ke nan," in ji Dabo, dattawa suka yi dariya. "Ba komai. Kurma ma ya san kuɗi. Kai me ka taya?"

Mahmuda ya ce bai taya ba tukuna, jira yake. Nan fuskar Dabo ta ɗan saki, ya ce ashe dai yaron da hankali. Zuciyar Mahmuda ta yi sanyi, ya ɗauka sun zo ɗaya. Bawan Allah! Shi jiran agogo yake, surukinsa kuwa jiran a bi shi da igiya yake, kuma bai gane bambancin ba sai da Dabo ya gyara zama.

"Amma fa ba a juya wa wanda bai ga fuskarka ba baya. Nuna musu fuska. Taya."

"Baba, in na taya yanzu..."

"Na ce taya."

Ya taya dubu ɗari uku da goma. Ko numfashi bai sauke ba aka ɗora goma. Dabo ya ce ƙara, ya ƙara, aka sake ɗorawa. Abin da ya yi mako uku yana yi wa wasu dariya a kai, shi ne yau yake yi da hannunsa, a gaban shaidu. Wata lamba ta uku da ke kwance tun safe ta farka ta shigo. Kafin a ce me, tayi ya kai dubu ɗari uku da casa'in, kuma ba a hannunsa yake ba.

"Ka gani ko?" in ji Dabo yana murmushi. "Yaran mai kaya ne, zuga ka suke. Na san wannan wasan tun ba a haife ka ba. Yanzu sun ga fuska, sun san akwai mai kuɗi. Kawo wayar."

Mahmuda ya miƙa da hannu biyu. Dabo ya karɓa, ya dube ta sama da ƙasa, ya ja tsaki, ya jefa ta cikin aljihun babbar riga. Sannan, da yake gwiwa ba za ta bar shi ya tafi ko'ina ba, sai ya ɗaga ƙafafu ɗaya bayan ɗaya ya tsallake benci, ya zauna yana fuskantar bango. Ya juya baya ke nan. Wayar da aka juya wa bayan tana aljihunsa, ta juya tare da shi, amma wannan bai dame shi ba.

"Allahu Akbar," in ji Malam Hadi. "Dillanci dai a jini yake."

Saura minti goma sha biyu. Mahmuda ya dubi agogon hannunsa. Har yanzu da sauran dama: kuɗinsa sun fi tayin da nisa, danna abu biyu kawai zai yi. Ya yi gyaran murya.

"Baba, ƙarfe biyar suke rufewa. Agogo ne."

"Agogo ke sayarwa ko mutum?" Dabo ya tambayi bango. "Wane mai kaya ne zai ga mai kuɗi ya tafi ya ce agogo ya hana shi kira? Yanzu haka suna can hankalinsu ya tashi, suna neman lambarka."

"Na'ura ce, Baba, ba ta..."

"Malam Mahmuda," in ji Malam Hadi a hankali, "babba na koya maka abu, kana ja?"

Mahmuda ya sunkuyar da kai. Wayar ta yi ɗan gurnani a cikin aljihu, alamar an sake tayi. Tsakanin hannunsa da aljihun nan bai fi kamu ɗaya ba. Mutumin da ke damƙar ƙarfe da zafinsa, wanda tartsatsin wuta ya huda masa riga ya fi sau ɗari bai ce uffan ba, yau ya kasa miƙa hannu kamu ɗaya. Ya tuna ƙofofi takwas. Ya tuna shagon da ya riga ya hango a layin 'yan katako, har da inda zai rubuta sunansa. Sai kuma ya hango gobe, Sabo ta ɗauka cewa mijin Suwaiba ya zura hannu a aljihun surukinsa a gaban dattawa, kuma ya san wannan labarin zai fi na bijimi daɗewa. Haushi ya cika shi har wuya, na Dabo kaɗan ne, mafi yawa nasa ne na kansa. Ya ci gaba da durƙuso yana kallon tsinken agogo na tafiya.

Rediyon Malam Hadi ya ce ƙarfe biyar daidai, ga labarai.

Dabo bai motsa ba sai da aka gama kanun labarai. Sannan ya sake tsallako benci da nishi, ya zaro wayar ya miƙa. "Duba. Sun aiko?"

Mahmuda ya duba. An sayar, dubu ɗari huɗu da biyar. Ya karanta sau biyu. Da an bar shi a saman benen tela, da ya ɗauke injin har da canjin sayen rodi da fenti.

"An sayar, Baba."

Dabo ya kwashe da dariya har da buga cinya. "An sayar! Haka suke cewa. A kara sau nawa aka ce mini an sayar, ga saniya a ɗaure tana kallona? Tsoratarwa ce. Kai dai zauna. Za su kira."

Bai rufe baki ba wayar ta ɗauki ruri.

Zo ka ga Dabo. Baki har kunne, ya ware hannuwa yana duban dattawa ɗaya bayan ɗaya, su kuma suna ta salati. "Ban faɗa ba? Ban faɗa ba? Kar ka ɗauka! Bar ta ta yi kuka uku, kar su ga kana ɗoki."

Mahmuda ya riga ya ga sunan da ke kan gilashin. Amma ya bari ta yi ukun, don an ce ya bari, sannan ya kara a kunne.

"Mahmuda, oya, yaya?" Muryar Alhaja Muhibbat ce, da hayaniyar kasuwa a bayanta. "Inji ya shigo hannu?"

"Bai shigo ba, Alaja."

"Ah, pele o, sannu. Ni kam na so kai. To ba wahala, Manniru ya kira ni yanzu-yanzu, ya ce ya sayi inji a waya, ƙarfe biyar ɗin nan. Litinin zai fara. Ka gai da iyawo, matar taka."

Ta kashe. Manniru, wanda surukansa ke can Gumel, tafiyar kwana guda a mota.

Mahmuda ya sauke wayar a hankali ya ajiye a kan tabarma. Dabo ya matso da kai, ido na ƙyalli.

"Nawa suka sauko?"

"Ba su sauko ba, Baba."

"Taurin kai. Bar su, gobe za su sake kira, kuma in sun kira ka turo su wurina." Ya ɓare goro ya jefa a baki, ya juya ga Malam Hadi. "Ai wannan ba komai ba ne. Na taɓa ba ku labarin bijimin nan da aka bi ni da shi har ƙofar gidan nan?"

Suka ce bai taɓa ba. Mahmuda ya dubi takalmansa a bakin tabarma, sannan ya gyara durƙuso, don babba ya fara magana.