Ranar da Baba Idirisu Ya Hau Kujera

A gafarce ni. Ban taɓa rubuta labari ba, kuma akwai manya a unguwarmu Barroquinha, nan birnin Bahia, da suka fi ni sanin maƙwabcinmu Baba Idirisu. Sai dai su ba su rubuta ba, ni kuwa abin ya ƙi fita daga raina.

Isma'ila, aminin Baba Idirisu, na tsaye a ƙofar gidansu riƙe da sandar kujerar ɗaukar mutane, mai shuɗin labule, yana jin Lantana tana faɗa daga ciki.

"Malam, mutumin da ko kunu ba ya iya haɗiya ne zai hau kujera? Ina za ka?"

"Yawo," in ji mijinta Idirisu, murya a dushe. "Na tsufa ina ɗaukar Turawa. Yau in ji abin da suke ji."

Ba yawo ba ne, kowa ya sani. Isma'ila da Idirisu 'yan kanto ɗaya ne, wato ƙungiyar 'yan dakon Hausawa da ke zama a kusurwar titi can saman tudun da ake kira Ladeira da Praça. A nan ake koyon aiki, nan kuma masu gidaje ke aikowa in suna son a ɗauke su. Wanda ba ɗan kanto ba, ko ƙarfin raƙumi gare shi, ba mai kiransa. Tun suna bayi suke ɗaukar kujera tare, Isma'ila gaba, Idirisu baya, har suka fanshi kansu. Yanzu ciwon ƙirji ya kwantar da Idirisu, yana so ɗansa Zubairu ya gaji gurbinsa. Amma Aliyu, shugaban kanto, ya ce ƙa'ida ba ta canzawa: sabon hannu sai ya hau tudun da mutum ba tare da an ajiye ba, wanda aka ɗauka kuma ya faɗa da bakinsa cewa ya gamsu. To wa zai ba da wuyansa ga sabon hannu, haifaffen Bahia, wanda Hausar ma lalube yake yi? An nema, an rasa.

Zubairu ya fito da ubansa a hannu kamar ƙunshin wanki, ya zaunar da shi.

"Ranka ya daɗe, Sinyo," in ji Isma'ila, ya rusuna, yana kwaikwayon yadda suke kiran Turawa. "Ina muka nufa?"

"Rufe min baki, ɗan dako. Ka jijjiga ni ka gani." Ya yi tari mai tsawo, sannan ya dubi ɗansa. "Kar ka kalli ƙasa. Kalli ƙeyar Babanka Isma'ila. Mummuna ce, amma ba ta ɓata hanya."

Suka saki labule, suka ɗaga.

Matan ƙabilar Nago masu ƙosai suka hango ƙafa baƙa mai faso tana leƙowa ƙarƙashin labule, suka yi ta dariya suna tambayar wane sarki ne. Daga ciki Idirisu na ta gyara: "Rage taki." Can kuma, "Sauya kafaɗa, ba da kai ba, da kafaɗa." Isma'ila ya ji yaron na bin takunsa daidai. Ya fi uban tsawo, amma irin numfashinsu ɗaya.

Sun kai tsakiyar tudu, inda duwatsun ke da santsi, sai Isma'ila ya ji abin a kafaɗarsa. Mai rai yakan taimaki mai ɗaukarsa ko bai sani ba. In aka karkata, shi ma ya ɗan karkata. Yanzu nauyin ya zauna wuri ɗaya kamar buhun sukari. Isma'ila ya yi innalillahi a zuci. Ƙafarsa ta so ta tsaya, ko don ya rufe wa amininsa ido. Amma in kujerar ta taɓa ƙasa a nan, an gama da Zubairu.

"Baba Isma'ila, ya yi shiru."

"Barci ne. Haka suke yi in tafiya ta yi daɗi. Taka, ɗana."

Suka taka. Gumi da hawaye suka haɗu a gemun Isma'ila, bai da hannun sharewa.

A kanto mutane na zaune suna saƙa malafa. Aliyu ya ajiye tasa, ya jira aka sauke kujerar, ya ɗaga labule.

"To, Idirisu, yaya ka ji tafi..."

Bai ƙarasa ba. Ya daɗe yana kallo. Idirisu na zaune a miƙe, hannuwa bisa gwiwa, hularsa ko karkata ba ta yi ba. Aliyu ya miƙa yatsu ya rufe masa ido. Mutanen suka miƙe ɗaya bayan ɗaya.

Zubairu ya leƙa, ya durƙusa a kan duwatsu.

"Bai faɗa ba," ya ce, da guntuwar Hausarsa. "Bai faɗa komai ba."

"Na gani," in ji Aliyu. Ya saki labulen a hankali. "Tashi ka mayar da ubanka gida. Wajen gangara dogo ne ke shiga gaba, ka koyi wannan. Ranar da aka yi addu'ar uku ka zo da sassafe, wurinsa na nan kusa da bango."

Isma'ila ya koma baya, gurbin da bai taɓa tsayawa ba. Sandar ta yi sulɓi daidai inda kafaɗar Idirisu ke zama.

Ni kuwa na biyo su ne tun daga gida ba da sanin kowa ba. Kafin su ɗaga na sulale ta lungu na gangara. Inna Lantana na bakin ƙofa, ta rufe kwanon kunu da faifai kada ya huce, tana duban hanya. Na zagaya ta baya don kada ta tambaye ni, na shige ɗakinmu.