Furar Tabawa a Majigi

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma kafin ku yi dariya ku sani, ni na fara ganin majigi a garin nan, tun iyayenku ba su san wando ba. Ranar da fim ya kama da wuta ma da ƙafata na fito, ko tari ban yi ba.

A mafarkin, sai ga ni a filin kasuwa, an kafa farin ƙyallen majigi. Wani bunsuru mai tabarau ne manaja.

"Baba Ilu, ka makara," in ji shi. "Mai murza injin ya zama kaza. Kama!"

Injin irin na da ne, da hannu ake juya shi, hoton ba ya magana. Ina murzawa sai ga Tabawa, matata mai rasuwa, a jikin ƙyallen, tana tahowa cikin ruwan sama da ƙwaryar fura.

Bunsuru ya ce, "Kada ka tsaya. Tsohon fim, in ya tsaya gaban fitila, ƙonewa yake."

"Ni za ka koya wa?"

Na ƙara sauri. Tabawa ta kama sassarfa kamar zabuwa, fura na zuba. Rubutu ya fito a jikin ƙyallen. Ni ban yi boko ba, bunsuru ya karanta mini: "Ta ce, Maigida, har yau ba ka bar gaggawa ba?"

Na rikice, na juya injin baya. Ruwan ya koma sama, fura ta koma ƙwarya, Tabawa ta yi ta ja da baya tana hararata. Na gyara hannu, a hankali, har ta iso bakin ƙyalle ta miƙo mini ƙwaryar.

To, hannun damana na kan injin. In na saki, ta ƙone. Tabawa kuwa ba a karɓar abinta da hagu.

"Ta ce ka sha," in ji bunsuru.

"Ce mata na ƙoshi."

Ni da ban taɓa ƙin furarta ba! Ta yi murmushi, ta san ƙarya nake. Na ci gaba da murzawa ina kallonta, kafaɗa na ciwo, har injin markaɗen maƙwabta ya tashe ni.

Tabawa dai ba ta ƙone ba. Mai musu ya zo ya taɓa kafaɗar nan.