Zakaran da Halidu Ya Cire

Zaliha ta zaga layin masu kaji na kasuwar Urno tana ɗaga zakaru tana ajiyewa. Ba mai tsoka take nema ba, mai murya take so. Can ƙarshen layi ta tarar da wani ja, mai siraran ƙafafu, wanda ko a ɗaure sai ya miƙe wuya ya yi cara.

"Wannan ba ya miya, Iya," in ji mai shi. "Ƙashi ne da baki. Ya hana gidana barci."

"Shi nake so," ta ce. Ko tayi ba ta yi ba.

Abin ya samo asali ne bayan girbin gero, lokacin da Halidu, mai koyar da waƙa a 'yar majami'arsu, ya dawo daga Yamai da kamara. Kiristocin ƙauyen tsiraru ne a cikin Musulmi, kuma lafiya lau suke zaune. Tare ake zaman makoki, tare ake cin naman Sallah. Halidu ya ce zai yi fim na labarin Linjila da mutanen gari. Ba za a nuna fuskar Almasihu ba, sai hannu da gefen riga, don kada a ɓata wa maƙwabta. Shi ya ɗauki matsayin Bitrus, na gaba cikin mabiya. Zaliha kuwa, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da kaskon waina a bakin tasha, ya ba ta Maryamu Magadaliya.

Ranar har guɗa ta yi. Uwarta 'yar bori ce daga tsohon gidan Azna masu bautar iskoki, ita kanta ta sha fama da iskoki tana budurwa. Matar da aka fitar wa aljannu bakwai, wadda kuma ta riga kowa ganin Almasihu bayan tashinsa, ai labarinta ne aka rubuta tun ba a haife ta ba.

"Ki sa kwalli, Yaya, ki tsaya bakin ƙofa ki yi wa baƙi maraba," haka Halidu ya ce mata wajen ɗauka. Maza suka yi ta shiga ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Ita a zatonta 'yan dubiya ne. Sai ranar Kirsimeti, da aka haska fim ɗin a farin ƙyalle, ta ji muryar Halidu a kan hotonta yana cewa wannan mace karuwa ce, duk garin ya san ɗakinta.

Magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo wani ya yanke wannan gutsuren kawai, ya bi wayoyi har Madawa. 'Yan kabu-kabu suka sa mata Magadaliya, suna kashe mata ido. Matan gari suka daina aiko yara sayen waina. Sunan da ta kare tun mutuwar mijinta, ba ta ko tsayawa hira da namiji, ya zube a rana ɗaya.

"Mutanenmu ba su san wasa a hoto ba," in ji A'i, maƙwabciyarta Musulma. "Abin da ido ya gani, shi ke nan."

Ta tarar da Halidu yana goge kamararsa.

"Nuna mini inda aka rubuta ta yi karuwanci."

"Haba Yaya, duk finafinan Turawa haka suke nuna ta. Labari ai sai da gishiri."

"Ba Turawa na tambaye ka ba. Littafi na ce."

Ya sosa ƙeya. "A rubuce dai babu. Amma kowa haka ya sani."

"To ka cire, ka fito tasha ka faɗa wa mutane ƙari ka yi."

Sai ya hau kame-kame. Wai dattawan ikilisiya za su zo daga Madawa su gani, in sun amince za a zaga da fim ɗin har Buza da Keita, kuma wurin nan shi ne ke riƙe 'yan kallo. Wai ta yi haƙuri, ai don aikin Ubangiji ne.

Haƙuri? Zaliha ta tsane shi, tsana irin wadda ke hana tuwo wucewa. Ta ari wayar A'i, ta sa aka tura mata cikakken fim ɗin, ta sake kallonsa tun daga farko, tana neman inda za ta kama shi. Ga Bitrus yana bugun ƙirji, wai ko kowa ya gudu shi yana nan. Ga shi ya zare takobi a lambu. Daga nan sai kabari a buɗe. Babu wutar da ya tsaya jin ɗuminta, babu baiwar da ta gane shi, babu musun da ya yi har sau uku cewa bai san Almasihu ba, balle zakaran da ya yi cara ya tona shi. Ashe abin da babu ya ɗora mata, abin da ke akwai ya sauke wa kansa.

Lahadin da dattawa suka zo, aka toshe tagogi da zana, aka tayar da inji, aka yi kallo. Zaliha na zaune baya da kwando a rufe da baƙin zane. Ta san halin kaji: zakaran da ya daɗe cikin duhu, da ya ga haske sai ya ɗauka gari ne ya waye.

Aka gama, aka tafa, aka janye zana. Bisa al'ada mutane suka fara kai wa Halidu tukuicin aikinsa, wani damin gero, wata kwaryar wake. Kyautar da aka yi a gaban jama'a ba a mayar da ita, da hannu biyu ake karɓa. Zaliha ta jira kowa ya gama, sannan ta taka har gaban dattawa ta durƙusa.

"Na duba fim ɗin nan kaf ban ga zakara ba," ta ce a hankali. "Na ce wataƙila tsadar kaji ce. Ga shi na kawo wa Bitrus."

Ta yaye zanen. Jan zakara ya girgije, ya miƙe wuya, ya kwarara cara har ta cika ɗakin.

Babu wanda ya yi dariya. Babban dattijon ya cire tabarau ya dubi Halidu. "Gaskiya ne, ɗana. Ina musun Bitrus? Matar nan kuma, a ina ka karanta abin da ka faɗa a kanta?"

Halidu ya miƙa hannu biyu ya karɓa. "Na gode, Yaya," ya ce. Dattawa suka tafi ba su ɗauki fim ɗin ba.

Zakara ya zama masa ƙarfen ƙafa. In ya yanka a ce ya kashe shaida, in ya sayar a ce ya sake cirewa. Zaliha ta ji daɗi har ƙasan zuciyarta, ba ta kuwa ɓoye ba. Sai dai a tasha babu wanda ya san labarin Bitrus. Can har yanzu Magadaliya ce.

Wata safiya mai sanyi sai ga Halidu ya zo ya tsaya gaban murhunta, cikin masu jin ɗumi. Da gani ya zo da magana a baki. Zaliha ta tsai da cokali tana jira. Kafin ya buɗe baki, Mahaman, tsohon direban da bai taɓa tsokanarta ba, ya ɗago ya ƙare masa kallo.

"Kai, ba kai ne ka yi fim ɗin da ya ɓata matar nan ba? Na daɗe ina neman mai shi."

Halidu ya dubi ƙattan da ke kewaye da wutar. "A'a, Baba. Ni ma fitowa kawai na yi a ciki."

Daga bayan katangar gidan Halidu, can tsallaken hanya, muryar jan zakara ta taso.

Zaliha ta juya wainar da ta fara ƙonewa.

"Ga wuta, ga ka," ta ce. "Kamara ce kawai babu."

Ya sunkuyar da kai ya tafi. Ita kuma ta ci gaba da zama, ƙullunta ko rabi bai yi ba, rana tana ta ɗagawa.