Gyaran Baffa Mani

Baffa Mani ya taɓa yin masinja a wani ofishin gwamnati, kuma tun daga lokacin bai ƙara yarda akwai abin da ya shige masa duhu a duniya ba. Shekarun da ya yi yana goge teburin da aka ɗora kwamfuta su ne digirinsa. Shi ne yayan mahaifin Aina'u, shi ne kuma babba a gidansu da ke wani ƙauye kusa da Minjibir, saboda haka ko shirme ya faɗa sai a ce, "Haka ne, Baffa."

Aina'u tana digiri na biyu a fannin kimiyya. Aikinta a kan wasu sinadarai ne da ake kira oksayid, wato abin da ke samuwa idan ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin, kamar tsatsa. Sai dai nata irin mai tauri ne, wanda ake yin haƙoran sawa da shi. Ba ta taɓa shi da hannu. A kwamfuta take jera ƙwayoyin zarrarsa, ta matse su da lissafi, ta ja su, ta ga nauyin da za su ɗauka kafin su tsage. Lissafi guda kan ɗauki kwanaki, fanka na huci, rubutu fari yana gudu a kan baƙin allo.

Rashin wuta ne ya koro ta daga ɗakin kwanan ɗalibai, ta dawo gida inda akwai sola. Watanni ta yi tana tara sakamako, kuma duk a cikin kwamfutar yake, don sabis ɗin waya na ƙauyen ko hoto da ƙyar yake turawa. Saura lissafin ƙarshe. Mai jarrabawa zai zo daga wata jami'a a mako mai zuwa, kuma malaminta ya faɗa mata ƙiri-ƙiri: wanda bai kawo sakamako ba, sai baɗi.

Baffa ya sha leƙo ɗakin, hannu a baya, yana girgiza kai kamar likita a kan gawa.

"Ke Aina'u, wannan baƙin allo ba lafiya ba ne. Tamu ta ofis shuɗiya ce, har da hoton ciyawa."

"Haka take aiki, Baffa," in ji ta.

Ina amfanin yi wa mutumin bayani? A majalisar ƙofar gida cewa yake 'yarsa injiniyar kwamfuta ce, a cikin gida kuma ya ce yarinya ta zauna tana kallon rubutu mutane na gona ana cirar gyaɗa. Ita dai a ranta ta gama auna shi tuntuni, ba ta sami komai ba sai babbar riga da murya.

Ranar kasuwa Inna, mahaifiyarta, ta ja ta zuwa gaisuwar rasuwa a ƙauyen gaba. Aina'u ta duba batir, ta ja ƙofa, ta roƙi matan gidan kada kowa ya shiga. To, amma wa zai tare Baffa a gidansa?

Da la'asar suka dawo. Tabarma na nan, wayar caji na nan a jikin bango, kwamfuta ba ta nan. Kafin ta buɗe baki sai ga sallamar Baffa, yana tura babur, jakarta rataye a wuyansa, fuskar nan fal annuri.

"Kwantar da hankalinki, na kai ta wajen Ɗanliti," in ji shi. Ɗanliti mai gyaran waya ne a bakin kasuwar Minjibir, wanda ke zuba wa mutane waƙoƙi a memori. "Yana gani ya ce bairos ne, cutar kwamfuta, ya cinye ta. Ni ma abin da na faɗa ke nan! Ya wanke ta tas, ya sa mata sabuwar manhaja irin ta mutane. Har wa'azi ya zuba miki kyauta."

Ta karɓi jakar, ta buɗe kwamfutar. Allo shuɗi, ga hoton ciyawa. Ta duba nan, ta duba can. Inda sakamakonta yake, finafinai ne jibge da wa'azin da aka yi mata kyautarsa, sun cika cikin kwamfutar maƙil, sun hau kan duk abin da da za a iya cetowa. Ta miƙe, ta fuskanci Baffa.

"Wa ya sa ka?" Muryarta ta fita har zaure. "Wa ya ce ka taɓa mini kaya? Me ka sani a kai? Wallahi ba ka san komai ba, Baffa, ba ka taɓa sanin komai ba!"

Masu sussukar gero suka tsaya da taɓare a hannu. Baffa ya dafe ƙirji, ya ja salati mai tsawo, ya juya ya shige turakarsa. Da aka kai masa tuwo, ya ce a mayar.

Shi ke nan, magana ta sauya. Ba wanda ya ƙara tambayar me ya ɓace. Zancen da ya zagaya gida, ya tsallaka katanga, shi ne 'yar boko ta ɗaga wa Baffanta murya a gaban mata, mutumin da ya bar cinikinsa ya ƙona mai don ya taimake ta. Kaico, wai har da masu matse hawaye saboda tausayinsa!

Washegari da safe ta kira malaminta. Ya yi mata jaje, ya ce ba yadda za a yi a sake aikin watanni cikin mako guda. Zai cire sunanta daga masu kare kundin digiri bana.

Tana ajiye wayar Inna ta shigo riƙe da mayafi.

"Tashi ki je ki ba shi haƙuri."

"Inna, shekara guda ya cinye mini."

"Na sani," in ji Inna, idonta ya yi ja. "Amma babba ne. A gidan nan nake zaune, ke kuwa gobe tafiya za ki yi."

Aina'u ta yafa mayafin. Ta same shi a zaure kan buzu, abokan hirarsa kewaye da shi, ya ɗaure fuska irin ta wanda aka zalunta. Ta cire takalmi, ta durƙusa, ta kafa ido a ƙasa don kada ya ga abin da ke cikinsa.

"Baffa, na yi kuskure. Ka yi haƙuri."

Ya bar ta a durƙushe sai da kowa ya gani ya ƙoshi. Sannan ya yi gyaran murya.

"Na yafe, duniya da lahira. Ƙuruciya ce." Ya waiwayi abokansa, ya sake dubanta. "Kuma ranar da za ki tsaya gaban malaman naku, kada ki ji kunyar faɗa musu wanda ya gyara miki injin."

"To, Baffa," in ji ta. "Zan faɗa musu. Baɗi."

"Madalla," in ji shi, ya ce a kawo masa tuwonsa na jiya a ɗumama.