Murhun Baba Jaji

"Zauna mana, Ɗayyabu, kujerar ba ta cizo," in ji maƙwabcinmu Baba Jaji, yana juya tsire. A bangon gidansa jan fentin da ke cewa a tashi bai gama bushewa ba.

Ban zauna ba. Rashin zama ne ya fitar da ni daga makaranta, shi ya raba ni da dako a tashar jiragen ruwa. Shi kuwa Baba a gidan nan aka haife shi. Kakansa ya zo Hajji a ƙafa, ya kafa murhun tsire a ƙofar, bai koma ba. Shi ya sa unguwa ta tura shi zama da kwamitin gwamnati kan maganar rushe gidajenmu.

"Me suka ce?" na tambaye shi.

"Sun ba ni shayi, sun ce komai da yarjejeniya. Na roƙa wa kowa lokaci, suka ce halas, wato da Larabcinsu magana ta ƙare. Na ce to ni buƙatata ɗaya, ta ƙofar nan za a fitar da gawata. Yaronsu Mazen ya ce, 'Allah ya ja kwana, ya ammi,' wato baffa. Na ce kar ya ja da yawa, ku masu sauri ne."

Na ba shi labarin da na gani a waya, na wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka mai suna Kirik, da gwamnati ta yi ta zama da su don su bar ƙasarsu.

"Sun yarda?"

"Wasu sun sa hannu, wasu sun ƙi."

"Wa aka bari?"

"Kusan duka aka kwashe. Amma sun tafi da tokar wutar garinsu."

Ya daɗe yana fifita garwashi. "Masu hankali," ya ce.

Da ciwo ya kwantar da shi, matarsa Inna Kulu ta yi ta fama ya koma gidan 'yarsu a unguwar Mahjar. Ya ƙi. An yanke wutar lantarki, maƙwabta sun watse, ni nake fifita shi da kwali. Motocin rusau suka iso bakin layinmu, inda gidansa ne na farko. Mazen ya leƙo ɗakin, ya ga Baba, ya fita. Sai muka ji ƙarar ta koma can ƙarshen layi.

"Sun fara daga baya, Baba."

"Ka kai wa yaron nan tsire," ya ce. Ya manta murhu ya kwana biyu a mace.

Bayan la'asar ya cika. Ƙofar ƙarama ce, sai da muka karkata shi kafin ya fita, amma ta nan ya fita.

Ranar tashi Inna Kulu ta hura murhun ta dafa shayi, sannan ta kwashe tokar a gwangwanin madara ta miƙo mini.

"Riƙe da kyau, kai mai rawar ƙafa."

Na hau bayan motar kaya na zauna, gwangwanin a cinyata da sauran ɗumi. Har Mahjar ban motsa ba.