Fasinjan Bogi na Layin Tsafe

Ƙidayar fasinjan da aka yi a tasharsu ƙarya ce, kuma Shu'aibu ne ya ƙulla ta. Ba wanda ya sa shi. Da hankalinsa ya zauna ya tsara abinsa.

Shu'aibu shi ne ciyaman na layin Tsafe a wata tashar mota cikin Gusau, shekara tara ke nan. Mutum ne mai kaurin wuya da gajen haƙuri, in ya daka tsawa daga rumfarsa har mai shayin bakin ƙofa sai ya waiwaya. Ɗaya gefen tashar kuma layin Bungudu ne, a hannun Mas'udu, wanda suka fara yaran mota tare, suka kuma tsufa suna zolayar juna.

Wata safiya sai ga Malama Wasila daga ofishin masu tsara sufuri, da jaka da 'yar na'urar ƙirge a hannu. Ta tara shugabannin layi ta yi musu bayani ba kwana-kwana. Hayaƙin tsofaffin motocin nan, in ji ta, yana cikin abin da ke ƙara wa duniya zafi, yana rikita damina. An samo manyan bas huɗu masu aiki da gas, kowace za ta kwashe mutanen da ƙananan motoci uku ke ɗauka, hayaƙi ya ragu. Amma huɗu ne kacal, layi ɗaya za a ba, wanda ya fi jama'a. Za ta zauna kwana uku a bakin kowane layi ta ƙirga masu fita.

Tana juya baya Mas'udu ya kwashe da dariya.

"Ciyaman, ka fara ba direbobinka haƙuri tun yanzu. Wa ke bin hanyar Tsafe bayan la'asar? Ko akuya sai ta yi shawara."

"Rufe mani baki, tsoho. Motocinka da sai an tura su suke tashi?"

"A tura su cike, ba a tura su wayam ba."

Shu'aibu ya yi dariyar yaƙe, don ya san gaskiya ce. Tun da tsoron 'yan bindiga ya shiga hanyar, fasinjansa ya ragu da rabi. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne a ce bas sabbi fil sun tsaya gaban rumfar Mas'udu, shi yana kallo.

To, akwai wata dabara da kowane ɗan tasha ya sani. In mota ba kowa, sai a sa 'yan kamasho biyu ko uku su shiga su zauna, fasinja ya leƙo ya ga kamar saura kaɗan ta cika, ya shiga. Shu'aibu bai ƙirƙiro komai ba, faɗaɗa wannan ya yi. Ya tara 'yan kamasho da 'yan dako da masu zaman banza a tasha. A cika mota da su, ta fita ta gaban Malama Wasila, ta sauke su bayan gidan mai, su zagayo ta ƙofar baya su shiga wata. Akwai Abubakar Dogo, wanda a rana ɗaya aka ƙirga shi sau biyar: da hula, da rawani, da buhu a ka, da babbar rigar aro, na ƙarshe yana ɗingishin ƙarya da sanda. 'Yan tasha suna ta ƙunshe dariya a bayan motoci.

Malama Wasila kuwa tana zaune kan benci a rana, tana danna na'urarta, ba ta tashi sai salla. Rana ta uku Shu'aibu ya aika mata da fura mai sanyi. Da za ta tafi ta zo har rumfarsa.

"Baba Ciyaman, na gode da karamci. Wallahi ban zaci layinku na da jama'a haka ba. Ni 'yar Nahuce ce, can ƙasar Bungudu, raina ya so a ce Bungudu ta samu. Amma abin da na ƙirga shi zan rubuta."

Shu'aibu ya ce Allah ya yi mata albarka, idonsa na kan takalminsa.

Bas suka zo layin Tsafe, aka yi biki, aka ɗauki hotonsa yana yanke ƙyalle. Murnar ba ta yi wata guda ba. Motar mutum hamsin ta riƙa tashi da mutum goma sha biyu, wata rana bakwai. Ƙananan motocin layin ma ba su daina fita ba, sai ya zama an ƙara injin a hanya maimakon a rage. A gefen Mas'udu kuwa mata da goyo da tsofaffi na tsaye a rana, ana cusa su hurhuɗu a kujera cikin motocin da ke tashi da baƙin hayaƙi kamar an kunna taya. Shu'aibu ya juya kujerarsa ta daina fuskantar wannan gefen. Mas'udu ya daina zolayarsa, kuma wannan ya fi zolayar ciwo.

Bayan wata shida waɗanda suka ba da motocin suka aiko a bincika. Suka sake ƙirge da mutanensu, ba sanarwa, suka samu bai kai sulusin abin da Wasila ta rubuta ba. Aka kira zama a ofis, aka gayyaci Shu'aibu a matsayin shaida.

A hanya ya yi niyyar faɗin gaskiya. Har ya shirya kalmomin a bakinsa. Amma da ya shiga ɗakin ya ga manya a jere, ga shugaban ƙungiyarsu na jiha a gefe yana jan carbi, sai ya fasa. Wasila na zaune ita kaɗai a ƙarshen tebur da takardunta. Da ta gan shi fuskarta ta washe, ta ɗauka mai cetonta ne ya iso.

Mai binciken ya ce, "Alhaji, kai ke tashar kullum. A kwana ukun nan, ka ga jama'ar da aka rubuta nan?"

Wasila ta ce, "Baba, hwaɗa masu. Kai ka ga motocin na fita cike, gabanka aka yi."

Shu'aibu ya share zufa da hularsa. Ya ji muryarsa na fita kamar ta wani.

"Ranka ya daɗe, ni ban yi boko ba. Mi na sani ga ƙirge? Ita ta riƙe na'ura, ita ta riƙe biro."

Wasila ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi gardama ba. Ta dube shi kawai, ta tattara takardunta ɗaya bayan ɗaya.

Aka kwashe bas ɗin aka kai su wani gari, Bungudu ba ta samu ba, Tsafe ta rasa. Shu'aibu na nan kan kujerarsa, ba wanda ya taɓa shi. Sai dai in ya daka tsawa yanzu, 'yan kamasho kan dubi juna kafin su motsa, don da su aka yi.

Wasila kuwa aka ba ta takardar kora, da tambari da sa hannu, an rubuta cewa ta ƙirƙiri alƙaluma. Shekara goma sha ɗaya tana aikin nan ba a taɓa kama ta da kuskure ba. Ta koma Nahuce gidan mahaifinta. Ofis uku ta nemi aiki bayan haka, kowanne sai ya tambayi dalilin barinta na baya, ita kuma ba ta iya ƙarya, sai ta miƙa musu takardar.